Wa Ya Ɗauke Ki Hoto a Kan Dutsen Ƙanƙara?

Zuwa ga Uwar Mairo, a birnin Jeneba, ƙasar Suwis.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiya, ina baƙunta, yaya sanyi? Yaya mai jego, yaya kuma takwarana? Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke nan Garwa lafiya, in ban da ƙafar nan tawa da kika sani.

Kin san ban yi lakol ba, wato makarantar boko, ko sa hannu da babban yatsa nake yin sa. Bakina ke faɗa, maƙwabcinmu Malam Yaya, tsohon malamin lakol, shi ke rubutawa, kuma na sa ya rantse ba zai gyara mini magana ba. Na ce ya manna ta a shafin 'yarmu Mairo, ƙarƙashin hotunanki da take zubawa duniya na gani. Tun da can kika koma da zama, can zan same ki. Masu leƙe kuma ku leƙa, yau ina da amfani da ku.

Gara a ji ta daga bakina, ba daga bakin 'yan shayi ba. Ranar da za ki tafi jegon Mairo, a ƙofar gida, gaban mai taksi da matan unguwa da suka fito rakiya, na ce miki in kika sa ƙafa a jirgin nan, a bakin aurenki. Kika gyara mayafi, kika ce, "To, Malam, Allah ya ba mu alheri." Kika shiga mota.

Washegari na je wurin liman, ina tsammani zai ce maganar fushi ce, iska ta kwashe. Ya ce a'a, saki ɗaya ya auku tun da kika taka matakalar jirgi. Ya ce iddar mace mai shekarunki wata uku ce. In na mayar da ke kafin ta cika, aure na nan. In ta cika ban yi ba, kin zama bazawara, kowa na iya nema, ni ma sai in bi layi. Ya dafa kafaɗata ya ce da Fillancinsa, "Munyal, Sale," wai in yi haƙuri. Jiya ya tare ni a ƙofar masallaci ya ƙirga mini da yatsa. Ranar Juma'a take cika. Yau Litinin.

Shekara arba'in da ɗaya, saura kwana huɗu.

Kada wani ya ce ba ni da hujja. Tun kaka da kakanni, 'ya ke zuwa gidan ubanta haihuwar fari, ba uwa ke bin ta ba. Ke kanki a Bibemi kika haifi yaron nan na farko, a ɗakin uwarki, na yi wata biyu ina cin abincin tasha ban ce uffan ba. Da na ji cikin Mairo ya tsufa, na sayo itacen wanka na tara a bayan ɗaki, na sa aka liƙe babbar tukunya, na samo kanwa mai kyau. Sai na ji wai likitan can ya hana ta hawa jirgi. Sai na ji wai an yi miki fasfo. Yaushe? Ashe ranar da kika ce mini za ki gaisuwar mutuwa, hoton fasfo kika je ɗauka. Ɗanki ya sani, Mairo ta sani, mijinta ya sani, har mai taksi ya sani. Ni maigida ni ne na ƙarshe. Itacen na nan inda na tara shi, gara na ci.

Da aka haihu kuma aka sa wa yaro sunana. Na gode. Amma ni ba yaro ba ne, na san toshiyar baki in na gan ta.

Bayan suna hotuna suka fara zuwa. Ni ba ni da irin wayar, Malam Yaya ke kawo tasa bayan la'asar, mu zauna a dakali, yana ja da yatsa ina kallo. Ba ni na ce ya riƙa kawowa ba. Shi ya ga dama.

Na farko na ruwan nan ne da ke tsartuwa sama daga cikin tafki, fari fat, ya fi hasumiyar babban masallaci tsawo. Kina tsaye a gefe kin ɗaga kai. Na tambayi Malam Yaya wace gona yake shayarwa. Ya ce babu. Na ce wane garke? Ya ce babu. Inji ne kawai ke tura shi sama, ya faɗo inda ya fito, mutane su taru su kalla. A nan in famfo ya fashe haka, masu gyara ake kira. Can baƙi ake kira. Uwar Mairo, na yi shekara talatin ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, na ga yadda ake sayar da mota mai mataccen inji. Fenti ake lafta mata mai ɗaukar ido, a sa madubi sabo, don kada ka buɗe gaba. Duk wanda ya ce maka kalli sama, to duba abin da ke ƙasa.

Sai na agogon furanni. Wai a ƙasa aka shimfiɗa shi a gefen hanya, furanni ja da ɗorawa su ne fuskarsa, hannuwansa na tafiya kamar na gaske. Ke da ba ki taɓa ɗaura agogo ba, da inuwar katanga kike sanin la'asar, me ya kai ki tsayawa gaban agogo kina nuna shi da yatsa? Malam Yaya ya ce kowane baƙo haka yake yi. Ni na ce saƙo ne. Kina nuna mini lokaci na tafiya. Na gani. Ba sai an dasa mini shi da fure ba.

Na kujerar nan ne ya fi ƙona mini rai. Kujerar katako ƙatuwa, ta fi gidan bene, an kafa ta a fili, ƙafa uku lafiyayyu, ta huɗun a karye. Malam Yaya ya karanta ya ce don tunawa da waɗanda nakiya ta cire wa ƙafa aka yi ta. To, Allah ya ba su haƙuri, ban da magana a kansu. Amma duk kujerun da ke birnin nan, sai mai karyayyar ƙafa za ki tsaya ƙarƙashinta? Kin san yadda nake ɗingishi. Washegari ina isa wurin shayi aka tashi da shewa. "Sale, ashe an kafa gunkinka a Turai ba ka faɗa mana ba!" Wani ya ce, "A kawo wa mai gunki shayi, a sa madara biyu." Na sha shayina na tashi. Sati guda ban koma ba.

Daga nan sai na jirgin ruwa. Farin jirgi mai bene, kina zaune a sama iska na kaɗa mayafinki, bayanki ruwa shuɗi har ƙarshen gani, da duwatsu a can ƙetare kamar an jera haƙora. Ga waɗansu fararen agwagi masu dogon wuya suna bin jirgin. Ga kuma tsohon gidan sarki na dutse da aka gina a cikin ruwa, wai a ƙarƙashinsa da can ake ɗaure mutane, yanzu kuma biya ake yi a shiga a ga inda aka ɗaure su. Allah ya kyauta.

Na duba tafkin nan da kyau, don ni na san tafki. Shekara nawa ina ɗauko kifi daga tafkin Lagdo. Ban ga koma ko ɗaya an shanya ba. Ban ga kwalekwalen masunta ba, ban ga mata na wanki ba, ban ga saniya ta sa baki ba. Ruwan garai-garai har ana ganin tsakuwa a ƙasa. Masuntan Lagdo sun faɗa mini ruwan da ya cika haske ba ya ƙiba kifi. Tafki ne da aka ajiye don kallo, kamar kwanukan jeren amarya da ba a cin tuwo a ciki.

A kan wannan hoton ne na fara ƙirga. Ranar da aka ɗauke shi, Mairo na da kwana ashirin da haihuwa. Ko a Turai take, 'yata ce, ba za ta hau jirgin ruwa da ɗanyen jego ba, ke ma ba za ki bar ta ba. Mijinta kuwa kin ce tun safe yake lopital, asibitin da yake aiki, sai yamma. Hannuwanki biyu ga su a kan cinya. To, wa ke riƙe da wayar?

Na tambayi Malam Yaya. Ya ce a can ko ɗan hanya ka miƙa wa waya zai ɗauke ka. Na ce ɗan hanya kike yi wa wannan kallon? Sai ya ja hoto na gaba.

Na gaban kuwa tukunyar cuku ce. Wai abincin garin ke nan, a narka cuku a ƙaramar tukunya a kan teburi, a soka burodi a dogon cokali a tsoma. Ban damu da abincin ba, kowa da tuwon garinsu. Cokulan na ƙirga. Biyu ne a tukunya ɗaya. Shekara arba'in da ɗaya ba ki taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ni ba, kin ce kunya.

Sai satin da ya wuce aka zubo na duwatsu, guda tara. Na farko kina cikin wani akwatin gilashi da aka rataya a igiyar ƙarfe, ana jan ku sama, birnin da tafkin sun koma ƙanana a ƙasa kamar ruwan da ya kwanta a faranti. Sauran kuma a wani dutsen ne na daban, wanda suka ce ya fi duka tsawo a yankin, ƙanƙara ba ta narkewa a kansa rani da damina. Wai da ƙaramin jirgin ƙasa ja mai haƙora a ƙafa kuka hau, har kuka shiga wani kogo da aka fafe a cikin ƙanƙarar kanta.

Me aka je ɗaukowa? Mutanen dutse na wajen Poli da Mokolo na san abin da ke kai su sama. Can gonarsu take, can rumbunsu yake, can kakanninsu ke kwance, ranar kasuwa su sauko da gyaɗa mu yi ciniki da Hausa. Amma mutum da hankalinsa ya hau dutse don ya tsaya ya ji sanyi ya sauko hannu wofi? Ba a hawan banza. Wani abu ake son faɗa a inda ba kunne.

Kuma rigar sanyin da ke jikinki ba ta Mairo ba ce. Kafaɗarta ta sauko miki har damtse, hannun ya rufe yatsunki. Rigar namiji ce.

Kin manta aikina. Direba ba gabansa kaɗai yake kallo ba, rabin idonsa na kan madubi. A hoto na bakwai kin sa baƙin tabarau saboda hasken ƙanƙara. Na ce wa Malam Yaya ya buɗa mini tabaran nan da yatsunsa. Ya ce, "Sale, bar wannan, za ka jawo wa kanka hawan jini." Na ce buɗa. Ya buɗa. Ga shi nan a cikin gilashin, sau biyu, dama da hagu. Dogon mutum, farin gemu a gyare, hular ulu, ya ɗaga waya da hannu biyu. Kuma ba riga mai nauyi a jikinsa.

Na kira ɗanki a Gaundare. Ya yi ta kewaye-kewaye kamar mota a randabawul, daga baya ya ce, "Baba, Alhaji Umaru ne fa, kawun mijin Mairo, mutumin Marwa. Ya daɗe a can, ya ajiye aiki. Shi ke da lokaci." Na ce ina matarsa? Ya ce ta rasu bara.

Shi ke da lokaci. Ai kuwa na ga alama. In ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Mutumin Marwa, alhaji, ya san karatu, kina tsammani bai iya ƙirga wata uku ba? Kuma na ji Mairo na neman a ƙara miki kwanakin biza. Wa ya ba ta shawara? Wa ya san ofishin da ake zuwa? Ni Sale ba a yi mini fenti. Mace na cikin idda, maimakon ta zauna a ɗaki, ana yawo da ita kan duwatsu ana ɗora mata riga. Na kai wa liman wannan ƙara. Ya ce, "Wane ɗakin, Sale? Ba kai ka ɗaura sakin a kan fitarta ba?" Shi ma na lura tun da Mairo ta aiko masa da agogo bakinsa ya karkata.

Za ki ce me ya hana ni kiran ki in faɗi abin da ke raina. Na kira. Sau uku na kira, kin sani. Na farko na yi alwala, na zauna, na shirya maganata tsaf. Da na ji kin ce "Salamu alaikum, Malam," sai na ji bakina na tambayar ki inda kika ajiye rariya. Me zan yi da rariya? Kika ce tana rataye bayan ƙofa. Na biyu na tambaye ki maganin ƙafa, kafin abinci ake sha ko bayan abinci, alhali shekara shida ina shan sa. Na uku na ce akuyarki ta haihu. Kika ce, "Madalla. Akwai wani abu, Malam?" Kika jira. Na ji kina jira, har numfashinki ina ji. Na ce babu. Kika ce, "To, ga takwaranka," kika kara wa jariri waya, na yi ta sauraron yaro na tsotsar hannu har kati ya ƙare.

Malam Yaya ya ajiye alƙalami yana dariya. Rubuta, malam, ba dariya na kira ka ba.

Shekaranjiya na karɓi wayarsa na ce ya bar mini ita ya je sallah ya dawo. Na koma hoto na bakwai don in ƙara duba mutumin nan. Yatsana bai iya ba, maimakon tabarau sai bakinki ya buɗo ya cika gilashin. Kina dariya, Uwar Mairo. Ba murmushin da kike yi wa baƙi ba. Dariya har wushiryarki a waje, kumatunki sun tattare, kin dunƙule ƙanƙara a hannu kamar yarinya ta sami alewa. Na zauna ina tuna yaushe rabon da in ga wushiryar nan. Na kasa tunawa. Na san dai saboda ita na yi ta zarya Bibemi a kan keke har ubanki ya gaji ya ba ni ke.

Sai abubuwa suka riƙa zuwa mini, ba ni na kira su ba.

Kin tuna shekarar da na fara jigilar kifi? Wata safiya ina duba mai, kika fito da goyo kika tsaya jikin mota, kika ce, "Malam, ka tafi da ni yau mana in ga tafkin nan da ake faɗa. Zan zauna a baya ma." Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, je ka dawo. Na ce miki, "Ruwa ne. Ga shi can a randa." Kika yi dariya don matan gida na ji, kika koma ciki. Ba ki ƙara tambaya ba. Na yi shekara goma sha ina bin hanyar nan, kujerar gefena kwandon albasa nake ɗora mata.

Kullum na dawo daga tafiya, in kin ajiye mini ruwa, sai ki durƙusa ki ce, "Me ka gano?" In ce, "Kwalta." Na je Marwa, na je Kuseri, na ga duwatsun Kapsiki tsaye kamar tabarya, na ga raƙuman dawa sun tsallaka hanya a gabana su shida, na ga dorina ta fito kiwo da rana tsaka. Duk na haɗiye. Ke kuwa duniyarki daga murhu zuwa rijiya, sai kasuwa ran da na ga dama.

Akwai kuma wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Gangaren nan na hanyar Gaundare da direbobi ke kira falez. Muna saukowa mota biyu, ni a baya, Garba abokina a gaba, ya ɗauko masara. A kwana ta uku na ga fitilar birkinsa ta kama, motar ba ta rage gudu ba. Ya leƙo da hannu ta taga yana yi mini alama in ja baya. Ni yake ji wa. Sai na daina ganin sa. Mu muka sauka da igiya muka ɗauko shi. Na iso gida da azahar, kika ce me ka gano, na ce kwalta. Kika dube ni, kika ɗauke tuwon, kika dafa ruwa kika kawo, kika zauna kina gasa mini ƙafafu. Da kika ji labarin a bakin mutane, ba ki taɓa ce mini don me ban faɗa ba.

Tun ranar dutse ba abin kallo ba ne a wurina. Da na gan ki a rataye cikin akwatin gilashin nan, ba ƙasa a ƙarƙashinki, wallahi ban ci abinci ba sai washegari. Na ce wa Malam Yaya kishi ne. Har da kishin. Amma na fi tunanin wa ya duba igiyar, wa ya sa mata mai, ko mai jan ta ya yi barci sosai.

Jirgin sama ma haka ne, in za a bi gaskiya. Duk wanda ya fita gidan nan ta filin jirgi, murya kawai ke dawowa. Mairo ta ce shekara biyu za ta yi, ga ta a ta tara. Na ga kin ɗauki jaka, na ga gidan ya rage ni da akuya. Maimakon in ce miki ina tsoro, sai na ɗauko abin da ya fi kusa da hannuna na jefe ki da shi. Abin da ya fi kusa da hannun namiji kuwa kin san shi.

Ban ce na yafe maganar fasfo ba. Wannan tana nan, za mu yi ta. Ban kuma ce na yarda da mai farin gemu ba. Amma mutumin da ya cire rigarsa a kan ƙanƙara ya ba ki, ya tsaya yana karkarwa don ki gama kallo, ya yi abin da ni ban yi ba ina da mota a hannu da tafki a bayan gari. Wannan ita ce ke ci na, ba cokula ba.

A gaban mutane na yi ɓarnar, ba zan gyara ta a ɓoye cikin waya ba. Malam Yaya, gyara zama, ka rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Matan unguwa da kuka yi rakiya, 'yan shayi, mai taksi in yana da waya, ɗana, Mairo da mijinki, Alhaji Umaru kai ma na san kana karantawa, duk ku zama shaida.

Ni Sale, da hankalina, ba wanda ya tilasta ni, yau Litinin bayan la'asar, na mayar da matata Hadiza ɗakinta.

Ga shi har na faɗi sunanki a bainar jama'a, abin da bakina bai yi ba tun kina amarya.

Liman ya ce da wannan magana ta ƙare, ba sai an tambaye ki ba. Shari'a ce, ban ja da ita ba. Amma na san bambancin fasinjan da ya shiga mota da ƙafarsa da buhun da aka ɗaure a baya. Ni tambayar ki nake yi. In kin yarda, ki sa Mairo ta rubuta mini "to" a ƙarƙashin wasiƙar nan, Malam Yaya zai kawo mini in gani ko da ban iya karantawa ba, zan sa ya nuna mini baƙaƙen da yatsa. In ba ki yarda ba, ki kira ni ki faɗa da bakinki. Zan saurara har ki gama, ko da daga shekarar farko za ki faro. Bayan nan abin da kika zaɓa shi zan yi miki, da hankali, ba da fushi ba.

Ban ce ki taho gobe ba. In akwai sauran abin da ba ki gani ba a garin nan, ki gani. Ki buɗe ido da kyau, ki riƙe komai, don in kin dawo ni zan tambaye ki me kika gano, kuma ba zan karɓi amsa gajeriya ba. Sai dai ranar da mijin Mairo ke hutu za a riƙa fita. Shi ma yana da hannu, ya iya riƙe waya.

Allah ya tsare ki a tudu da gangare, a ruwa da sama. Allah ya ba Mairo lafiyar shayarwa, ya raya takwarana, ya ba shi baki mai taushi, kada ya ɗauko nawa. Allah ya jiƙan iyayenmu da Garba. Alhaji Umaru kuma Allah ya saka masa da alheri, ya ba shi mata tagari cikin gaggawa, a wani gidan. Allah ya sa in ga shigowarki da idona. Amin.

Mijinki a shari'a tun yau, saura a bakinki,
Sale direba,
Garwa.